Wa ya kafa ilimin wasan ces (chess), As-Suli na Bagadaza ko Philidor na Faransa?

Kabiru: Salamu alaikum jama'a. Ga wata magana da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Duk littafin koyon ces da ka buɗe, in aka zo kan waɗanda suka mayar da wasan ilimi, daga Philidor ake farawa, Bafaranshen nan da ya fitar da littafi a 1749 ya ce dakaru, wato ƙananan 'ya'yan da ke sahun gaba, su ne ran wasa. Daga shi sai a yi tsalle zuwa Steinitz, zakaran duniya na farko a wasan. Ni a wurina wannan cin amanar tarihi ne. Shekara ɗari takwas kafin Philidor akwai Abubakar Muhammad bin Yahya as-Suli a fadar Abbasiyawa a Bagadaza. Ya rubuta littafi sukutum kan shaɗaranji, wato ces na zamaninsu, ya yanka wa kowane ɗa farashinsa, ya tsara yadda ake buɗe wasa, ya kasa 'yan wasa aji-aji, sannan ya bar wata matsala a allon wasa da aka shekara dubu ba a warware ba. Uban ilimin ces As-Suli ne, Philidor ɗan baya ne. Mai ja ya fito fili.

Sadik: Wa alaikumus salam Yaya Kabiru. Ai ni ji na yi ma shi ya ƙirƙiro wasan ɗungurungum, Turawa suka sace suka canja masa suna.

Malam Habu: Sadiku, wannan jita-jitar ta girmi kakan kakanka. Ibn Khallikan, marubucin tarihin mashahuran mutane wanda ya rasu a 1282, ya faɗa a tarjamar (tarihin rayuwar) As-Suli cewa ya ga mutane da yawa suna ɗauka shi ne ya ƙirƙiro shaɗaranji, ya ce kuskure ne, ya jingina ƙirƙirar ga wani mutumin Indiya. Daga Indiya wasan ya fito wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka same shi can bayan yaƙoƙin ƙarni na 7. As-Suli kuwa a ƙarshen ƙarni na 9 aka haife shi. Abin da ya jawo ruɗanin shi ne sunansa ya zama karin magana, in mutum ya iya wasa sai a ce yana wasa kamar As-Suli.

Tunda an taɓo shi, bari in ɗan faɗa muku ko wane ne, don na lura yawancinku a allon wasa kawai kuka san shi. Asalin gidansu Turkawa ne, kakansu Sul yana cikin masu mulkin Jurjan kafin gidan ya musulunta. Ya yi karatu wurin Al-Mubarrad da Sa'alab, manyan malaman Nahawu da lugga na zamanin, ya kuma ji hadisi daga Abu Dawud mai Sunan. Daraƙuɗni yana cikin waɗanda suka ruwaito daga gare shi. Shi ya tattara diwanin Abu Tammam, ya rubuta Kitabul Auraƙ kan labaran halifofin Abbasiyawa da mawaƙansu. Ba ɗan dandali ba ne.

Zainab: Baba Malam, a ba su labarin Al-Mawardi mana, ya fi daɗi a bakinku.

Malam Habu: To, Mas'udi masanin tarihi ne ya kawo shi, kuma zamaninsu ɗaya da As-Suli. Halifa Al-Muktafi, wanda ya yi mulki daga 902 zuwa 908, yana da gwaninsa na fada mai suna Al-Mawardi (ba mai littafin Ahkamus Sulɗaniyya ba, wancan ya zo daga baya). Aka kawo As-Suli aka haɗa su gaban halifa. Halifa kuwa bai ɓoye wanda yake goyon baya ba, yana ta zuga nasa, har As-Suli ya rikice da farko. Da ya natsu sai ya yi wa Al-Mawardi cin kaca, cin da babu ja a cikinsa. Nan take halifa ya juya wa gwaninsa baya, ya yi masa ba'a da sunansa, ya ce ruwan wardinka ya koma fitsari. Ku gafarce ni, haka ruwayar ta zo. Daga nan As-Suli ya zama abokin hirar halifa, ya ci gaba a zamanin Al-Muƙtadir, ya karantar da yariman da ya zama Halifa Ar-Radi. Mas'udi ya ce an taɓa yaba wa Ar-Radi kyan furannin wani lambu, ya ce wasan As-Suli ya fi su kyau a idonsa.

Kabiru: Kun ji ko? Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ina masu ja?

Zainab: Ga ni, Yaya Kabiru. Gwaninta daban, kafa ilimi daban, kuma ba a nan ma matsalata take ba. Wasan da As-Suli ya buga ba shi muke bugawa ba. Allon ɗaya ne, gida 64, sarki da doki da ruk (ɗan da ke kusurwar allo) tafiyarsu ba ta canja ba. Amma ɗan da ke kusa da sarki, wanda muke kira sarauniya yau, a lokacinsu firzan ne, gida ɗaya tak yake takawa a karkace. Inda bishof yake a yau giwa ce, tana tsallake gida ɗaya ta sauka a na biyu a karkace, kuma in ka ƙirga gidajen da giwa ɗaya za ta iya takawa a duk faɗin allon, takwas ne kacal. Dakare ba ya taka gida biyu a farkon fita, in ya kai ƙarshen allo firzan kawai zai zama. Babu musayar wuri tsakanin sarki da ruk. In ka cinye wa mutum 'ya'yansa duka ka bar sarkinsa tsirara, ka ci wasa ko ba ka kashe sarkin ba.

Ka duba abin da wannan ke haifarwa. Shahararren tsarin buɗe wasansu, Mujannah, taku 12 ake yi kafin a gama jera shi: dakaru shida na tsakiya su matsa gaba, dawaki biyu su fito, ruk biyu su gusa. Duk wannan lokacin kusan ba ruwanka da abin da abokin wasanka yake yi, domin rundunonin ba su haɗu ba. Gwada haka yau a intanet ka gani, yaro ɗan firamare zai kashe maka sarki a taku huɗu da sarauniya da bishof. Tun da aka sauya dokoki a Sifen wajen 1475, duk abin da As-Suli ya rubuta kan buɗe wasa ya tashi aiki. Ta yaya zai zama uban ilimin wasan da bai taɓa gani ba?

Kabiru: Ƙanwata, kin yi bayani mai kyau amma kin tsallake inda gizo ke saƙar. Ba jerin taku nake magana ba, hanyar tunani nake magana. Ga farashin da As-Suli ya yanka da kuɗin zamaninsu: ruk dirhami ɗaya, doki kashi biyu cikin uku na dirhami, firzan kashi ɗaya cikin uku ko ɗan sama da haka, giwa rubu'i. Sai ya zo kan dakaru ya ƙi yi musu kuɗin goro. Dakaren tsakiya rubu'in dirhami, daidai da giwa sukutum. Na gefen allo kuwa sumuni, wato rabin na tsakiya. Mutumin da ya ce dakaren tsakiya ya ninka na gefe daraja, ai ya riga ya gane darajar tsakiyar allo, ya gane cewa darajar ɗa tana bin wurin da yake tsaye. Me Philidor ya zo da shi da ya wuce wannan? Har yau malamai suna koya wa yara ruk biyar, doki uku, dakare ɗaya. Wa ya fara wannan awon?

Lawali: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa daga nan Damagaram ban sa baki ba, amma tambayar Malam Kabiru ta ƙarshe tana da amsa, kuma amsar ba As-Suli ba ce. Ibn Nadim a Fihrist ɗinsa na 987 ya jera waɗanda suka yi littafi kan shaɗaranji: Al-Adli, Ar-Razi, As-Suli, Al-Lajlaj da Ibnul Uƙlidisi. Ya ce littafin Al-Adli shi ne na farko da aka yi a fannin. Al-Adli ya yi tashe wajen 840, kafin a haifi As-Suli, sai Ar-Razi ya kayar da shi gaban Halifa Al-Mutawakkil. Kasa 'yan wasa aji biyar, da tara tsare-tsaren buɗe wasa, da tara matsalolin da suke kira mansubat, duk Al-Adli ya riga shi. To in dai wanda ya fara ake nema, ko a Bagadazar ma gwaninka ba shi ne na farko ba. Malam Habu na nan, in na yi ƙarya ya gyara mini.

Malam Habu: Ba ka yi ƙarya ba Lawali, haka yake a Fihrist.

Kabiru: Ban ce shi ya fara riƙe alƙalami ba. Ai Philidor ɗin ma ba shi ya fara rubutu a Turai ba: Lucena ya buga littafi a 1497, Ruy Lopez a 1561, Greco ɗan Italiya ya bar wasanninsa wajen 1620. Me ya sa ba a kiran su uba? Don sun nuna taku ne ba su faɗi dalili ba. As-Suli ya ɗauki littafin Al-Adli ya bi shi yana suka, yana cewa nan ya yi daidai, nan ya kuskure, wannan tsari ya fi wancan saboda kaza. Ranar da aka fara jayayya da hujja a kan wasa, ranar ilimi ya fara. Sannan ya yaye ɗalibi, Al-Lajlaj, wanda ya zauna ya bi Mujannah reshe-reshe kamar yadda ake yi wa buɗe wasa a littattafan yau. Malami, ɗalibi, littafi, raddi. In wannan ba makaranta ba ce, mece ce?

Abban Hafsa: Ni fa ina mamakinku. Kuna ta jayayya kan wa ya fi iya abin da Risala ta ce bai halatta ba. Ibn Abi Zaid ya faɗa ƙarara cewa wasa da nardu da shaɗaranji bai halatta ba, har zama wurin masu yi ya ce makaruhi ne. Malam Habu, ku da kuke karantar da littafin nan?

Malam Habu: Abban Hafsa, abin da ka kawo yana cikin Risala, kuma Imamu Malik ya ce babu alheri a cikinsa, yana nan a Muwaɗɗa. Shafi'iyya kuma sun tafi a kan karhanci matuƙar babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Saɓanin tsoho ne, ba a wannan zauren za a rufe shi ba. Abin da muke yi yanzu tarihi ne, kuma tarihin mutumin da malaman tarjama ba su ƙyamaci rubuta shi ba. In kana so mu buɗe babin hukunci, mu sa masa rana daban.

Abban Hafsa: Allah ya sa mu dace. Na dai faɗa.

Lawali: In koma kan Malam Kabiru. Ka tambaya me Philidor ya zo da shi. Yanka wa dakare farashi abu ne, koya wa mutum yadda zai tafiyar da dakaru takwas a matsayin runduna ɗaya wani abu ne. Kafin shi, salon Italiya ne ke tashe: fito da manya da wuri, sadaukar da abin da ya samu, ka afka wa sarki. Philidor yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ce a'a, dakaru su yi gaba a jere suna kare juna, manya su biyo bayansu. Ya yi bayanin illar dakaren da ya rabu da 'yan'uwansa, da biyun da suka hau layi ɗaya, da amfanin wanda ya wuce babu mai tare shi. Waɗannan kalmomin har gobe su ne a bakin kowane koci. Akwai matsayin ƙarshen wasa na ruk da dakare da ake kira da sunansa, wanda duk ɗan wasan kirki ya haddace don ya tsira da canjaras. Ni da kaina na tsira da shi a gasa. Nuna mini abu ɗaya na As-Suli da zan zauna a gasa gobe in yi aiki da shi.

Zainab: Kawu Lawali, kafin Yaya Kabiru ya amsa, akwai wani abin dariya a nan. Wasan da Philidor yake wa'azi a kansa, na tura dakaru sannu a hankali manya suna biye, ya fi kama da shaɗaranjin As-Suli fiye da wasan Greco. A shaɗaranji dole ce ta sa, tunda firzan da giwa ba su da ƙarfin kai farmaki, da dakaru ake buɗe wa ruk hanya. Sabuwar sarauniya ce ta ruɗi Turawa kusan shekara ɗari uku suka manta da dakaru, Philidor ya tuna musu.

Kabiru: Alhamdu lillahi, ƙanwata ta dawo gida.

Zainab: Ban dawo ba. Kama da juna ba gado ba ne.

Malam Habu: Yarinyar nan ta taɓo inda nake jira. Kabiru, kai ka ce uba. Uba kuwa sai da nasaba, mu a karatunmu sai da isnadi: wa ya karɓa daga wa? Daga As-Suli zuwa Al-Lajlaj isnadi ya inganta. Daga nan fa? Littafin As-Suli kansa bai iso gare mu cikakke ba, sai gutsattsarin da marubutan baya suka kwafa, mafi shahara wani rubutun hannu na ƙarni na 12 da ke Istanbul. Turawa ba su san abin da ke ciki ba sai da masu bincikensu suka tono shi a ƙarni na 19, sannan Murray Baturen Ingila ya baje shi a babban littafinsa na tarihin wasan a 1913. A lokacin Philidor ya shekara fiye da ɗari a kabari, Steinitz ma ya rasu tun 1900. Ba su karanta shi ba, ba su ji daga wanda ya karanta shi ba. Isnadin ya yanke. Ina son As-Suli fiye da yadda kake son sa, don ni na san shi ta wajen adabi tun kafin in san yana wasa, amma ba zan ba shi 'ya'yan da bai haifa ba.

Kabiru: Allah ya gafarta Malam, isnadin bai yanke ba, ta Andalus ya bi. Littafin wasanni da Sarki Alfonso na goma ya sa aka rubuta a 1283 yana da matsaloli 103, kuma mafi yawansu daga littattafan Musulmi aka kwaso su. Sannan ga Stamma mutumin Halab, wanda ya buga matsaloli ɗari a Paris a 1737 a kan salon mansubat, shi ne ma ya kawo rubuta taku da harafi da lamba irin wanda muke yi yau. Kuma wa ya zauna gabansa a Landan a 1747? Philidor! To ga hannu ya taɓa hannu.

Lawali: Ya zauna gabansa ya lallasa shi, wasa takwas cikin goma. Kuma abin da ya ƙetara ta Andalus da ta hannun Stamma matsaloli ne, irin na sarkinka na bakin mutuwa sai ka sadaukar da ruk biyu ka kashe na abokin gaba. Abin burgewa ne, amma shi ne ainihin salon da littafin Philidor ya zo ya rusa. Kacici-kacicin ya ƙetara, bayanin dalili bai ƙetara ba. Kai kuma da bakinka ka ce dalili ne ilimi.

Modu: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ana ta cewa shaɗaranji ya mutu a 1475, a Turai ne ya mutu. Mu a Borno akwai tsatsarandi, wanda ya bi tsohon tsarin, 'ya'yansa ma da sarautunmu ake kiransu, mai da ciroma da kaigama. Turawan mulkin mallaka sun tarar da shi sun yi rubutu a kansa a shekarun 1930. Habasha ma suna da nasu. In ana neman jikokin wasan As-Suli, ta nan ya kamata a duba, ba Paris ba. Sai dai yau ko a Maiduguri da wuya ka sami mai buga shi.

Sadik: Ikon Allah. To Anti Zainab, matsalar nan ta shekara dubu fa? Yaya Kabiru ya ambace ta ya wuce.

Zainab: Ita ce amsar tambayar Kawu Lawali, kuma ita kaɗai ce hujjar Yaya Kabiru da ta hana ni barci. Ɗauko allo. 'Ya'ya huɗu ne kawai. Farin sarki a b3, farin firzan a c3 (harafi shi ne layin tsaye, a zuwa h daga hagun fari; lamba ita ce layin kwance, 1 zuwa 8 daga gefen fari). Baƙin sarki a d5, baƙin firzan a a1, can cikin lungu. Fari ne da taku, kuma an ce ya ci. Ka tuna firzan gida ɗaya yake takawa a karkace, saboda haka na baƙi a kulle yake, b2 kaɗai zai iya zuwa kuma a can za a cinye shi. Ana cin wasan ne ta cinye firzan ɗin a bar sarki tsirara, da sharaɗin kada shi ma ya cinye naka a takun da ke biye, in ya yi haka canjaras ne.

As-Suli ya ce matsayin tsoho ne, kuma babu mai iya warware shi a duniya sai wanda shi ya koya wa. Haka aka bar shi har shekarun 1980, lokacin da Yuri Averbakh, gwanin Rasha da ya ƙware a ƙarshen wasa, ya zauna ya fasa shi. Sirrin shi ne matsayin yana cutar da wanda taku ya faɗo kansa. Sai farin sarki ya bar firzan ɗin da yake farauta, ya fara da b4, ya yi ta zagaye allo, baƙin sarki yana bin sa dole gida-gida don ya tsare tazarar da ke tsakaninsu. A can gefen allo wuri ya ƙure wa baƙi, ya rasa gidan da ya dace, fari ya dawo b3 an koma matsayin farko amma yanzu baƙi ne da taku. Kusan taku ashirin kafin a ci firzan ɗaya. Kawu Lawali, wannan shi ne darasin gidaje masu amsa juna da zubar da taku, wanda littattafan Turai suka fara yi wa bayani sosai bayan matsalar Lasker da Reichhelm ta 1901. Tafiyar sarki ba ta canja ba tun zamanin Abbasiyawa, don haka wannan kam za ka iya shiga gasa da shi gobe.

Lawali: Na yarda matsalar ta isa. Amma ki lura da abu biyu. Shi da kansa ya ce tsohuwa ce, ba shi ya tsara ta ba. Na biyu, cikakkiyar amsarsa ba ta iso gare mu ba, abin da ya iso shi ne cika bakin cewa shi kaɗai ya sani. Ɗan fada ne fa, da irin wannan maganar yake cin abinci. Amsar da muke yabo ta Averbakh ce.

Kabiru: Haba Malam Lawali! Mutum ya ce fari ya ci, a matsayin da duk mai ido zai rantse canjaras ne. Bayan shekara dubu gwanin duniya ya tabbatar, kwamfuta ta sake tabbatarwa. Da ka-cici-ka-cici ya faɗa? Wanda bai ga hanyar ba ba zai yi wannan alkawarin gaban 'yan wasan Bagadaza ba, da ɗalibi irin Al-Lajlaj a gefensa yana jiran a nuna masa.

Malam Habu: A nan ina tare da Kabiru, ko da yake zargin cika baki ba Lawali ya fara yi masa ba. Yana da ɗakin littattafai da ya shahara, an jera su da bango kala-kala, yana cewa duk wannan na ji shi daga malamai. Wani mawaƙi ya yi masa zambo cewa ilimin As-Suli a ɗakin littattafai yake, in ka tambaye shi mas'ala sai ya ce yara ku ɗauko mini ƙunshi kaza. Amma a allon wasa babu ƙunshin da za a ɗauko maka. Ƙarshensa dai bai yi daɗi ba. Bayan rasuwar Ar-Radi a 940 fada ta juya masa baya, halifancin kansa ya zama a hannun sarakunan yaƙi, talauci ya kama shi. Ya ƙare a Basra a ɓoye, Ibn Khallikan ya ce saboda wata ruwaya da ya yi game da Sayyidina Ali aka nemi a kashe shi. Ya rasu wajen 946.

Lawali: Philidor ma a gudun hijira ya mutu, a Landan a 1795, juyin juya halin Faransa ya sa sunansa cikin waɗanda aka hana komawa gida. Kuma shi ma a ƙasarsa da kiɗan opera aka fi saninsa. Ni dai matsayina bai gusa ba: As-Suli shi ne ƙololuwar ilimin shaɗaranji, ilimin ces na yau kuwa daga Philidor ya faro, Steinitz ya gina a kai.

Kabiru: Ni ma ban gusa ba. Ku kuna raba wasan gida biyu don ku ba kowa nasa, ni kuwa wasa ɗaya nake gani da aka yi wa gyaran doka. An canja dokar ofsaid a ƙwallon ƙafa sau da yawa, ba wanda ya ce tarihin ƙwallo ya faro daga gyaran ƙarshe. Littafin koyarwa da zai fara babin tarihi daga 1749 bai ambaci Bagadaza ba, ya tauye awo.

Zainab: A ambace shi, wannan ba mai ja. A kira shi uba, nan ne ni da Baba Malam muka tsaya. Kuma gyaran da ya mayar da ɗan da bai kai rabin ruk ba ya zama kusan ruk biyu ya wuce gyaran ofsaid, Yaya.

Sadik: Jama'a ku dakata. Na jera matsalar a allo, kuma wallahi na warware ta a taku biyu. Sarki ya tafi a2, sannan ya cinye firzan a a1. Ina shekara dubun take?

Zainab: Kana tafiya a2 ka bar firzan ɗinka na c3 ba mai gadi. Baƙin sarki ya taka c4. Ka ci a1, ya ci c3. Sarki biyu tsirara, canjaras. Mayar da su ka fara da b4.

Malam Habu: Kada ka karaya Sadiku. Mutanen Madina ba su yarda da wannan sharaɗin ba, a wurinsu wanda ya fara tsiraita sarki ya ci ko da za a rama. Da a can ka buga, da ka ci. Amma As-Suli a Bagadaza yake.